YADDA AKE GANE HADARIN YAƘI

Jawabi ga kwamitocin Tasawa da Mayahi



Manomi bai san ranar saukar ruwa ba, amma in hadari ya haɗu a gabas sai ya gyara rufin rumbunsa. Yaƙin manyan ƙasashe masu bom ɗin ƙare dangi shi ma yana da nasa hadarin. Ga alamu uku, ku riƙe su.

Ta farko, yaga alkawari. A 1987 Amurka da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu a kan daina ajiye wasu makamai masu linzami. A 2019 alkawarin ya mutu.

Ta biyu, tara soja a bakin iyaka. Rasha ta yi watanni tana tara dakaru kafin ta shiga Yukiren a Fabrairun 2022. Cika baki a rediyo kyauta ne, amma ciyar da soja a daji kuɗi ne. Ku dubi inda kuɗi ya tafi.

Ta uku, yanke magana. A Oktoban 1962, a kan tsibirin Kuba, duniya ta yi kwana 13 a bakin rami. Abin da ya cece ta, bayan ikon Allah, Kennedy da Kurushof ba su daina aika wa juna takarda ba. In alamun nan uku suka haɗu, to, hadari ya yi baƙi.

Kada wani ya ce muku bom yana hana faɗa. Indiya da Pakistan sun gwada nasu a 1998, suka gwabza a Kargil a 1999, suka sake a Mayun 2025.

Ina ruwanmu? Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta fasa bom ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, arewa da mu, a lokacin hunturu, ba a tambayi kowa a nan ba. Tun 1971 aka fara haƙar yuraniyom a Arlit. A 2022 kuwa yaƙi a Turai ya tsadar da taki a kasuwannin Afirka.

Don haka kowane kwamiti ya sa mutum guda mai sauraron labarai, yana auna su da alamun nan kafin ya faɗa wa jama'a. Kada mu yaɗa jita-jita a kasuwa. Kada mu sayar da hatsi duka da kaka.

Allah ya ba mu zaman lafiya. Amin.