Ciwon Hanji Mai Daɗewa Yana Iya Taɓa Ƙoda

Wannan shi ne jawabin da editan jaridar nan ya yi wa ɗaliban wani ajin yaƙi da jahilci a cikin birnin Kano. Mun buga shi domin amfanin masu karatunmu na karkara.



Akwai wani maɗinki a unguwarmu da ya shekara uku yana fama da zawo mai jini da majina. Ya lafa, ya dawo. Wasu suka ce basir ne, wasu suka ce atini ne. Ya sha jiƙo, ya sha tsimi, ya sha Flagyl har ya gaji. Ranar da ƙafafunsa suka kumbura aka kai shi asibiti, likita ya ce ƙodarsa ta taɓu. Kowa ya yi mamaki. Ina ruwan ƙoda da ciwon ciki? Abin da na zo mu tattauna ke nan.

Ba kowane zawo mai jini ne basir ko atini ba. Akwai ciwon da ake kira kumburin hanji. Garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta riƙa cin hanjinsa, har ya yi gyambo. Iri biyu ne. Ɗaya yana tsayawa a babban hanji. Ɗayan yana iya kama ko'ina daga baki har dubura, ana kiransa ciwon Kuron, sunan wani likitan Amurka da ya bayyana shi tare da abokan aikinsa a 1932. Ba a ɗaukarsa daga wani. Alamominsa su ne zawo na makonni, jini a bayan gida, murɗar ciki, rama da kasala.

To, ta ina yake isa ga ƙoda? Ƙodojin mutum guda biyu suna tace ruwan jini kimanin lita 180 kowace rana, su mayar da kusan duka cikin jiki, su fitar da dattin a fitsari. Ba sa aiki sai da ruwa. Mai zawo kullum ruwan jikinsa yana tsiyayewa, balle a zafin bazara irin na Kano. Sai fitsari ya yi kauri, tsakuwa ta taru a ƙoda, wani lokaci ta toshe hanyar fitsari. Wannan ita ce hanya ta farko.

Ta biyu, kumburin da ya daɗe a hanji yana iya sa wasu sinadarai su taru a matatar ƙoda su lalata ta a hankali.

Ta uku, ita ce ta hannunmu. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda muke saye a kemis ba tare da takardar likita ba, suna tayar da gyambon hanji, suna kuma yi wa ƙoda illa. Haka jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, ba a san gwargwadonsa ba. Ko mesalazin, maganin da likitoci suke bai wa masu kumburin hanji, yakan taɓa ƙodar wasu 'yan kaɗan. Shi ya sa ake auna jinin mai shansa lokaci-lokaci. Kada a daina sha, amma kada a tsallake awon.

Ciwon ƙoda ba ya yin sallama. Kafin a ga kumburin ƙafa da fuska, ko kumfa a fitsari, sau da yawa ya riga ya yi nisa. A nan Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002, kuma ana wankin ƙoda. Amma wankin nan sau biyu ko uku ne a mako, kowanne wajen awa huɗu, ga tsada. Gidaje da dama sun sayar da gona a kansa. Awon fitsari da na jini kuwa kuɗinsu bai kai ko kusa ba.

Saboda haka ga roƙona. Zawon da ya wuce mako biyu, ko wanda ya zo da jini, a je asibiti. Mu na cikin birni ga Asibitin Murtala nan a Ƙofar Mata. Na karkara su fara da asibitin da ke kusa, a ba su takardar zuwa gaba. A roƙi likita ya duba ƙoda. Kafin a isa, a riƙa shan ruwan gishiri da sukari: tsabtataccen ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Mai wannan ciwo ya nemi shawarar likita kafin azumi.

Ku kuma da Allah Ya nufa kuka iya karatu, ga ranar amfaninsa. Ku karanta sunan magani kafin ku haɗiya. Ku rubuta ranar da ciwo ya fara. Ku adana katin asibiti, ku karanta wa maƙwabcin da bai iya ba ranar komawarsa.

Shi dai maɗinkin nan yana raye, amma ya bar kan keke, sai zuwa wankin ƙoda. Allah Ya ba shi lafiya, Ya kare mu baki ɗaya. Wassalam.