Abin da Kongo Ta Koya Mana



A shekarun 1950, gwamnatin Jihar Arewa ta tsinci kanta da ƙasa mai faɗi da aiki jibge, amma 'yan Arewa da suka san aikin ofis ba su taka kara sun karya ba. Manyan kujeru na hannun Turawa, akawuna da yawa kuma daga Kudu suka zo. Sardauna Ahmadu Bello da abokan aikinsa suka duƙufa kan horarwa. Makarantar akawu da aka buɗe a Kongo, Zariya, a 1947, aka ɗaukaka ta zuwa cibiyar koyon aikin mulki. A can aka goge ma'aikatan En'e, da ma'ajin baitulmali, da alƙalai, da matasan da suka karɓi aikin Di'o daga hannun Bature. A 1962 cibiyar ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda horo ya koma a jihohinmu yau. Taron bita na kwana uku a otal, a raba alawus, a watse. Wanda ya je ma sau da yawa ba shi ne mai riƙe da fayil ɗin ba. Gogaggun ma'aikata suna ta ritaya, ba a haɗa su da matasa sun gaje su ba.

Ina roƙon gwamnoni su farfaɗo da makarantun horar da ma'aikata na jihohi, su sa kwas na watanni, da jarrabawa, a ɗaura ƙarin girma a kan cin ta.