Jawabi Ga Manoman Auduga: Wace Tarakta Za A Saya?

Jam'iyyarku ta gama kai za ta sayi tarakta. To, kada girman inji ya ruɗe ku.

Ƙarama mai ƙarfin doki 35 tana jan garma mai faifai biyu, ta kuma kai auduga kasuwa a tirela. Babba mai doki 75 tana jan faifai uku ko huɗu, amma ta fi shan mai, juyawa kuma yana yi mata wuya a ƙananan gonaki.

Ku auna gonakinku tukuna, ku tumɓuke kututture. Lalle ku zaɓi wadda makanikinta da kayan gyaranta suke kusa. In ta lalace farkon damina, shuka ta makara, auduga kuwa ba ta son makara.

Allah ya ba mu damina mai albarka.