ƘOFAR WANI BA TAKA BA CE: BIZA DA ƘA'IDOJIN SHIGA ƘASASHEN WAJE

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Ina godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ga dacewar in yi tsokaci a kan wannan batu. Dalilin zaɓensa kuwa a fili yake. Da wuya shekara ta zagayo ba mu ji an juyo da wani ɗanmu daga filin jirgi ba, ko an tsare shi a wata ƙasa, alhali bai yi sata ba, bai yi faɗa ba, takarda kawai ya raina.

Mu mutanen Daura muna da uzuri idan muka ɗauki iyaka da wasa. Daga nan zuwa Kwangwalam tafiya ce ta ɗan lokaci, ana tsallakawa kuma sai hanyar Matamaye da Damagaram. Kasuwar Mai'aduwa ba ta bambance ɗan nan da ɗan can. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layin a farkon ƙarni na 20, suka raba dangi gida biyu. Amma duk da zumuncin, mun ga an rufe iyakokin ƙasa daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, an kuma sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 2023, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Wanda ya ga haka ya san cewa shiga ƙasar wani izini ne, mai ƙasa kuma yana da ikon bayarwa ko hanawa.

Abu uku ake dubawa a kowace ƙofa: fasfon wace ƙasa kake riƙe da shi, me ya kawo ka, kwana nawa za ka yi. Shi ya sa mutum biyu za su sauka daga jirgi ɗaya, ɗaya ya wuce, ɗaya a tsayar da shi.

Bari mu fara da maƙwabta. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, har tsawon kwana 90. Don haka mai zuwa Kwatano, Lome, Akkara ko Abijan ba ya neman biza. Amma rashin biza ba ya nufin rashin takarda. Dole ya riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin cutar shawara, ya kuma bi ta hanyar da jami'an shige da fice suke domin a buga masa hatimi. Wanda zai wuce kwana 90 sai ya nemi izinin zama. Iyayenmu 'yan kasuwa ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu daga Ghana, Hausawa da dama suka dawo sun bar gidaje da shaguna.

Batun Nijar ya sauya. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. ECOWAS ta umarci ƙasashenta da su ci gaba da barin 'yan waɗannan ƙasashe su shigo ba biza kafin a daddale, su ma ukun sun sanar a Disamban 2024 cewa ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS, tare da riƙe ikon hana wanda suka ga dama. Ma'ana, abin da a da yarjejeniya ta ɗaure, yanzu ya rataya a kan sanarwa. Mai zuwa biki ko ta'aziyya a Damagaram ya tafi da takardunsa, kada ya dogara da cewa an san fuskarsa.

Sai ƙasa mai tsarki, inda ciwon ya fi yi mana zafi. Bizar Umara daban, ta Hajji daban. Ta Hajji tana fitowa ne ta hannun Hukumar Alhazai ta Ƙasa, da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi, da kamfanonin da aka ba lasisi. Wanda ya shiga da bizar ziyara ko ta Umara ya laɓe har lokacin Hajji ya karya doka. A 2025 Saudiyya ta sanya tarar da ta kai Riyal 20,000 ga mai yin Hajji ba izini, tare da kora da hana shiga ƙasar na shekara 10. Duk ejan da ya ce maka bizar ziyara ta isa ka hau Arfa, kuɗinka yake so. Kada kuma a manta da allurar sanƙarau, domin sharaɗi ce.

Game da Turai da Amurka, mai koren fasfo sai ya nemi biza tun daga gida. Bizar Shengen, wadda ta haɗa Faransa, Jamus, Italiya da sauransu, ba ta yarda a wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 ba, kuma ba ta shigar da mutum Ingila. Ita Ingila bizar ziyararta ba ta halatta aiki ba. Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Nijeriya zuwa shiga ɗaya cikin wata uku a Yulin 2025, ta kuma ƙara tsaurara matakai a ƙarshen shekarar, tana kafa hujja da masu wuce wa'adi. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma ta daina ba mu biza daga 2022 zuwa 2024, 'yan kasuwarmu masu sari a Dubai suka ji a jika. A nan maganar magabata ta tabbata, wake ɗaya ke ɓata gari: wanda ya ƙi dawowa yau, shi ya rufe wa ƙanensa ƙofa gobe.

Akwai kuma wani ɓangare da muke mancewa. 'Ya'yanmu da aka haifa a waje, idan fasfon can kaɗai suke da shi, Nijeriya baƙi take ɗaukarsu, sai da biza za su zo kallon Sallar Gani. Iyaye su daure su yi musu fasfon gida.

Shawarata a taƙaice ita ce: a duba fasfo kafin a sayi tikiti, ya kasance da sauran aƙalla wata shida. A tabbatar suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a fasfo da katin ɗan ƙasa. A nemi bayani daga ofishin jakadanci kai tsaye, domin dokokin nan suna sauyawa ba sallama. Kada a sa hannu a kan fom ɗin da ba a karanta ba, domin ƙaryar da ejan ya rubuta, matafiyi take kamawa. Ina kuma roƙon kowane reshe ya ware mutum ɗaya mai masaniya da 'yan uwa za su riƙa tuntuɓa kafin su miƙa kuɗinsu ga kowa. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Daura, Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya.