A Wane Gari Shafinka Yake Kwana? Lacca Ga 'Yan Kasuwar Mokolo

Ranka ya daɗe shugaban taro, iyayenmu malamai, alhazai da hajiyoyi 'yan kasuwa, da ɗalibanmu da suka taso takanas daga Marwa, sannunku da zuwa.

An ce in yi magana a kan inda ya dace ɗan kasuwa ya ajiye shafinsa na intanet. Na san a cikinmu akwai mai cewa a ransa, shafin intanet kuma har gari ne da shi, ba a iska yake ba? To, yana da gari. Kowane shafi yana zaune ne a cikin wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda masu sana'ar ke kira saba. Ita kuma tana cikin wani gini, ginin yana shan wutar wani kamfani, yana kuma ƙarƙashin dokar wata ƙasa. Kuɗin da ake biya duk shekara hayar gurbi ne a wannan gini. Wanda ke kai albasar Koza Duwala ba ya kama sito a Koza don kawai nan ne garinsu. Kusa da kasuwar Sandaga yake kamawa, inda masu saye suke. Maganata ta yau ba ta wuce wannan ba, sai dai hanyar da saƙo ke bi ta cikin waya daban take da wadda tirela ke bi, kuma nan ne mutane ke yin kuskure.

Mu bi saƙo ɗaya mu gani. Hajiya tana zaune a rumfarta a kasuwar Mokolo, ta latsa sunan wani shafi a wayarta. Saƙon ya hau eriyar da ke bisa dutse, ya shiga zaren gilashin da aka binne, ya gangara kudu ta Garwa da Ngaundere, domin manyan na'urorin kamfanonin waya suna Duwala ne da Yawunde. Daga can ake duba inda shafin yake. Ko da a shagon maƙwabcinta sabar take, galibi sai saƙon ya yi wannan tafiya ta sama da kilomita 1,000 ya dawo. Saboda haka matashin da ya zo ya ce maka, Alhaji, mu sayi kwamfuta mu ajiye a bayan shago, shafinka zai fi sauri tunda kusa yake, ka yi masa godiya ka ba shi shayi. Kusancin ido ne kawai. Ga kuma batun wuta. Arewacin Kamaru duka yana rataye ne da madatsar Lagdo mai megawat 72, wadda aka gama a 1982, kuma kowa a nan ya san yadda ake yi idan ruwanta ya ja baya. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage zafi, amma saba ba ta san a yi haƙuri zuwa magariba ba.

Idan shafin a waje yake, sai saƙon ya faɗa teku. Kamaru tana da ƙofofi kaɗan: wayar SAT-3 da ke fitowa a Duwala tun 2002, da WACS a Limbe, da wadda ta haɗa Kiribi da Legas, sai SAIL, wadda aka kammala a 2018, mai tsawon kusan kilomita 6,000 daga Kiribi zuwa Fotaleza a Birazil. Ku lura da abin da wannan ke nufi ga mai ciniki da Mubi. Da ƙafa ma kakanninmu sun je Mubi. Amma saƙon da ya tashi daga wayar ɗan Mubi zuwa sabar da ke Yawunde yakan gangara Legas ne tukuna, ya shiga teku, wani lokaci har ya leƙa Turai, kafin ya shigo Kamaru. A taswirar waya, Legas ta fi mu kusa da Mubi.

Nisan nan nawa yake ci? Haske a cikin zaren gilashi yana yin kusan kilomita 200 a cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Zuwa Faransa da dawowa yakan ci kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ko ɗan sama da haka. Buɗe shafi guda yana buƙatar kai da komo da yawa, don haka jinkirin yana taruwa, kuma ba a raina shi. Amma ku kwatanta shi da wannan: hoto ɗaya da aka ɗauka da waya aka ɗora shi yadda yake, mai nauyin megabait 5, idan layin mai saye yana jan megabit ɗaya a daƙiƙa, sai ya jira daƙiƙa 40, datarsa kuma tana ƙonewa. Shafuka da yawa da ake zargin nisa da nauyinsu, hotuna ne suka danne su. A rage nauyin hoto kafin a fara gardamar Faris ko Yawunde.

Yanzu sai tambayar da ta fi kowace: wa zai buɗe shafin nan, kuma daga ina?

Mai masauki ko ɗan jagora a Rumsiki, masu buɗe shafinsa suna Faransa, Jamus, Italiya, sai ma'aikatan ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyi a Yawunde. Sana'ar ta sha wuya tun da aka sace wani iyalin Faransawa kusa da Waza a Fabrairun 2013, kuma wanda ke neman dawo da baƙi ba zai so shafinsa ya yi ta juyi a gaban mai niyyar zuwa ba. Shi kam Turai ce wurinsa, ba ni da ko shakka. Akwai ma wata riba: sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, don haka hayar da ka biya bana da yuro ita ce ta baɗi, sai fa in kamfanin ne ya ƙara. 'Yan'uwanmu na Najeriya masu biya da dala sun ɗanɗana kuɗarsu bayan an saki naira a Yunin 2023, lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin watanni. Mai sayar wa Mubi da Yola da Maiduguri kuwa, ya duba Legas, inda akwai manyan cibiyoyin ajiya irin su Rack Centre da mahaɗar IXPN da ke haɗa kamfanonin wayar ƙasar.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne wanda duk abokan cinikinsa 'yan Kamaru ne: ƙungiyar manoman dankali da waken suya, ɗan kwangilar da ke kai wa ƙungiyoyin agaji kaya a sansanin Minawao, makaranta mai zaman kanta, ƙaramin asibiti. Yawancin irin waɗannan shafuka a ƙasashenmu masu Faransanci a Faransa suke kwana, wurin kamfanoni kamar OVH, saboda araha da kuma sabo. Wani abin mamaki ma, sau da yawa kamfanin da ke da ofis a Duwala, mai karɓar kuɗinka ta Orange Money ko MTN Mobile Money, shi ma dillali ne, gurbin da ya sayar maka yana arewacin Faransa. Wannan ba laifi ba ne, kuma ya sauƙaƙa wa wanda ba shi da katin banki. Amma ka tambaye shi kai tsaye: a wane gari na'urar take? Wanda ya fara kame-kame, ka riga ka ji amsa.

Ajiya a cikin gida tana da hujjoji biyu masu ƙarfi. Ta farko ita ce teku. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka lalace a gaɓar Kodebuwa, wato WACS da SAT-3 da MainOne da ACE, intanet ya durƙushe daga Laberiya har zuwa nan, gyara kuma ya ɗauki makonni. SAIL ba ta cikinsu, tunda ita yamma ta nufa. A irin wannan rana, shafin da ke Yawunde ko Duwala yana iya ci gaba da buɗuwa ga 'yan ƙasa, matuƙar kamfanonin waya suna musayar saƙo a mahaɗar CAMIX maimakon zagayawa ta Turai. Camtel tana da cibiyar ajiya a Zamengowe kusa da Yawunde, akwai kuma masu zaman kansu a Duwala. Hujja ta biyu doka ce. A ranar 23 ga Disamba 2024 aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane mai lamba 2024/017, aka ba da wata 18 kowa ya daidaita, kuma ta ɗora sharaɗin neman izini a kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa. Shafin da hoton buhun albasa ne kawai da lambar waya a kansa, ba shi da abin damuwa sosai. Amma mai tara sunayen ɗalibai, ko lambobin katin shaida, ko takardun marasa lafiya, ya zauna da lauya kafin ya zaɓi masauki. A ra'ayina irin wannan ya ajiye a gida, ko da zai biya fiye.

Kada kuma a ɗauka gida ba shi da nasa haɗarin. Daga 17 ga Janairu zuwa 20 ga Afrilun 2017 an yanke intanet a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma. Matasan Buya masu kamfanonin fasaha sai da suka riƙa fita zuwa wajen Duwala don su yi aiki. Wanda abokan cinikinsa ke waje, shafinsa ma yana waje, cinikinsa bai tsaya cak ba. Turai ma ba tudun mun tsira ba ce. A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVH a Strasbourg, miliyoyin shafuka suka ɗauke, kuma waɗanda kwafin ajiyarsu ke cikin wannan harabar sun rasa komai. Don haka duk inda ka zaɓa, a sami kwafi a wani gari daban, wurin wani kamfani daban, a kuma gwada shi lokaci lokaci a ga yana buɗuwa. Akwai kamfanoni irin su Cloudflare da ke baza kwafin hotuna da rubutun shafi a birane da yawa, har da Legas, yadda mai buɗewa zai ɗauka daga mafi kusa da shi, kuma suna da tsarin kyauta da ya ishi ƙaramin shago.

Alhazai, ga wani abu da ya fi gobara da tsinkewar waya cin shafuka a garuruwanmu. Ka ba yaro kuɗi ya buɗe maka shafi. Ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa, da lambar wayarsa, da kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani. Ka buga sunan a allon shago da jikin mota da rasit. Bayan shekara ya sami aiki a Yawunde, ya canza layi. Takardar tunin biyan haya tana ta zuwa akwatin da ba mai buɗewa, wa'adi ya cika, wata safiya ka latsa sunan shagonka ka tarar da tallar caca. Yaron bai cuce ka da gangan ba, kai ne ba ka karɓi makulli ba. Sunan shafi, ko mai ƙarewa da .cm ne wanda hukumar ANTIC ke kula da shi, ko .com, a yi rajistarsa da sunanka da imel ɗinka. Suna daban, masauki daban: idan sunan yana hannunka, kana iya kwashe shafin daga Faransa zuwa Duwala cikin kwana ɗaya ko biyu ba tare da mai saye ya lura ba.

Ɗalibai, ku kuma ga naku aikin, tunda kuna da makarantar fasaha a Jami'ar Marwa, Garwa ma ta sami tata jami'ar a 2022. A kowace kwamfuta akwai umarnin ping da traceroute, masu nuna tsawon lokacin da saƙo ya ɗauka da tashoshin da ya ratsa. Ku zauna a nan Mokolo, ku gwada da layin MTN, da na Orange, da na Camtel, zuwa sabar da ke Yawunde, da Duwala, da Legas, da Faris, da safe da kuma bayan isha'i lokacin da layi ke cika. Ku maimaita a Koza da Mogode. Ku rubuta sakamakon a takarda ɗaya, da Hausa da Fulatanci da Faransanci, ku kai wa shugabannin kasuwa, ku kuma sabunta shi duk bayan wata shida, domin kamfanonin waya suna canza hanyoyinsu ba tare da sanarwa ba.

Ranka ya daɗe, na ga an ɗaga mini hannu cewa lokaci ya yi. Masu tambaya, bismilla.