Mayen Ƙarfe da Zazzaɓin Cizon Sauro

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan ƙasar Daura, lokacin hutun ƙarshen zango.)



Kowa a nan ya san maganaɗisu, wanda muke kira mayen ƙarfe. Da shi tela yake tsince allurarsa idan ta faɗi cikin rairayi. Abin da zan yi bayani a kai yau shi ne yadda masana suke amfani da shi su tsinto ƙwayar cuta daga cikin ɗigon jini, da kuma inda wannan al'amari ya shafe mu.

Da zarar damina ta kankama, daga Daura zuwa Mai'aduwa, Sandamu, Zango da Baure, da wuya a sami gidan da zazzaɓin cizon sauro bai leƙa ba, kuma yara ƙanana su ne suka fi jin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 an kamu da cutar sau miliyan 263 a duniya, mutum wajen 597,000 suka rasu, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwar a Nijeriya suke. Tun 2010 hukumar ta ce a riƙa gwada jini kafin a ba da magani, domin ba kowane zafin jiki ne cizon sauro ba. Hanyoyin gwajin da muka saba da su biyu ne. Akwai madubin likita, wanda ke bukatar gwanin mai dubawa da isasshen lokaci. Akwai kuma ɗan katin nan na gaggawa, wanda kan ci gaba da nuna cuta har makonni bayan an warke, kana a wasu ƙasashe, kamar Eritiriya, an sami ƙwayoyin da ba ya ganinsu sam.

To, ina ruwan mayen ƙarfe da jini? A cikin jajayen ƙwayoyin jininmu akwai wani sinadari, himogulobin, mai ɗauke da ƙarfe, wanda shi ne yake dakon iskar oksijin zuwa sassan jiki. A 1936 Linus Pauling da Charles Coryell, a Amurka, suka gano cewa idan yana riƙe da iskar, maganaɗisu ba ya jansa, amma idan ya sauke ta, yakan ja shi kaɗan. Ita kuwa ƙwayar zazzaɓi, idan ta shiga jar ƙwayar jini, himogulobin ɗin ne abincinta. Sai dai ɓangaren da ke da ƙarfen guba ne gare ta, saboda haka sai ta dunƙule shi ya zama wasu baƙaƙen tsakuwoyi ƙanana da ake kira himozoyin. Waɗannan ɗige-ɗigen baƙi suna cikin abin da Alphonse Laveran ya gani a jinin marasa lafiya a Aljeriya, lokacin da ya gano ƙwayar cutar a 1880. Su kuwa maganaɗisu yana jansu. Watau dabarar da ƙwayar ta yi don ta tsira, ita ce take tona mata asiri. A 1981 wasu masana a Ingila suka nuna cewa idan aka bi da jini ta cikin siraran wayoyin ƙarfe da ke tsakanin maganaɗisu mai ƙarfi, ƙwayoyin jini masu cuta sukan maƙale, lafiyayyun su wuce.

Abin da masana suka sa gaba a shekarun baya-bayan nan shi ne mayar da wannan aiki cikin wata 'yar na'ura ta roba ko gilashi, wadda girmanta bai fi kan sarki na wasiƙa ba sosai. A cikinta ake sassaƙa magudanai masu faɗin silin gashi. A irin wannan ƙunci ruwa ba ya hautsinewa, tafiya yake sahu-sahu a natse. Sai a shimfiɗa siririyar waya a gefen magudanar, a ajiye maganaɗisu a waje, wayar ta tattaro ƙarfinsa wuri guda. Yayin da jini yake wucewa, ƙwayoyi masu cuta sai su riƙa karkata zuwa gefen wayar. A ƙarshe magudanar ta rabu biyu, masu cuta su bi ƙofa ɗaya, lafiyayyu su bi ɗayar. Wanda ya taɓa ganin ana sheƙar gero ya gane zancen: a can iska ce take raba tsaba da ƙaiƙayi, a nan maganaɗisu ne.

Ga amfanin. A ɗigon jinin da bai fi kan allura ba akwai jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 5. Idan 50 ne kaɗai masu cuta, ke nan ɗaya cikin 100,000, kuma ko gwani yana iya tsallake su. Amma idan aka tara su wuri ɗaya, ganinsu ya zo da sauƙi. Ga shi kuma maganaɗisu ba ya cin wutar lantarki, ba ya bukatar firji. Ga cutar da ba ta da ƙarfe a jikinta ma akwai dabara: akan zuba wasu 'yan mitsi-mitsin duwatsu masu ƙarfe da aka shafe da abin da zai manne wa wadda ake nema, sannan a jawo su tare. Da irin wannan aka riƙa tsamo sinadarin gadon ƙwayar korona a ɗakunan gwaji da yawa a 2020.

Sai dai kada mu yi saurin tafi. Irin ƙwayar da ta fi addabarmu, falsifarum, tana da wayo. Idan ta girma ta tara himozoyin da yawa, sai ta lafe a bangon ƙananan jijiyoyi, alhali wadda ke yawo cikin jini ƙarama ce, ba ta tara abin kirki ba tukuna. Wannan shi ne babban ƙullin da masana suke ƙoƙarin warwarewa, kuma yawancin waɗannan na'urori ba su bar ɗakin bincike ba. Bayan haka, na'urar da ta yi aiki a ɗaki mai sanyi a Turai sai an ga yadda za ta yi da ƙurar hunturu da zafin bazara irin namu.

A nan ne aikinmu yake. An riga an gwada wata 'yar na'ura ta gano sikila a asibitocin Kano, ko da yake ita da lantarki take rarrabe sinadaran jini. Abin da aka yi a Kano ana iya yinsa a Daura. Tun 2019 muke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin nan, ga babban asibiti, ga 'yan'uwanmu a jami'o'in Zariya, Kano da Katsina. Ɗalibin injiniya ya nemi ɗalibin likitanci su haɗa kai a aikinsu na shekarar ƙarshe. Yayyenmu na ma'aikatun lafiya kuwa su kula da ajiye lissafin gwaje-gwaje daidai, domin babu binciken da zai tsaya ba tare da shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kafin na'urar ta iso, mu kwana cikin gidan sauro, mu kai ƙannenmu a gwada jininsu kafin a saya musu magani. Allah ya ba mu lafiya da ilmi mai amfani.