DOGARO GA ALLAH A RANAR HASARA: ABIN DA MUKA GANI WURIN MAƘWABTANMU KIRISTA

(Jawabin da wakilin kwamitin gudummawar gobara ya gabatar a taron ƙungiya na ƙarshen shekara, a Sabo, Ibadan)





An umurce mu mu yi bayani a kan yadda za a raba kuɗin gudummawar da aka tara saboda gobarar da ta ci layinmu a kasuwa cikin hunturun da ya wuce. To, amma mun ji ana ta 'yan gunaguni, wai don me kwamiti ya sa sunayen Kirista cikin jerin waɗanda za a ba. Maimakon a yi ta magana a bayan fage, gara mu fito fili a nan gaban iyayenmu mu faɗi abin da idonmu ya gani. Mu ba malamai ba ne, 'yan kasuwa ne, iyakacinmu Islamiyya da ɗan abin da zaman duniya ya koya mana. In mun yi kuskure, malamai na nan, sai a gyara mana.

Jama'a, kowa ya san yadda gari ya waye mana ran nan. Wuta ta tashi da tsakar dare, iska na kaɗawa, kafin 'yan kwana-kwana su iso ta lashe rumfuna daga wannan baki zuwa wancan. Buhunan albasa da wake da busasshen barkono, wasu ma ba a ko biya masu su ba, duk sun zama toka. Wuta kuwa ba ta tsaya tambayar wa ke zuwa masallaci wa ke zuwa coci ba.

Akwai wata dattijuwa Bayarbiya mai sayar da manja da gari, rumfarta na jikin tamu fiye da shekara ashirin. Ɗan jarinta da kuɗin adashin da ta kwasa a makon, duk suna ciki. Da muka isa da asuba muka tarar da ita durƙushe cikin toka tana kuka, tana kuma rera wata waƙa ta coci a hankali. Muka ce, "Mama, sannu, sai haƙuri." Ta share hawaye ta ce da 'yar Hausarta, "Alhaji, wanda ya ba mu jiya bai mutu ba. Kai ma ka yi haƙuri, naka ya fi nawa yawa." Wallahi sai kunya ta kama mu, don mu da muka je ba da haƙuri, a ranmu lissafin bashi kawai muke yi.

Daga baya ɗanta, wanda malamin makaranta ne, ya ba mu labarin waƙar nan. Wani lauya ne a birnin Shikago ta Amurka, Horatio Spafford, ya rubuta ta. A 1871 babbar gobara ta cinye birnin, dukiyar da ya zuba a filaye da gidaje ta salwanta. A watan Nuwamba na 1873 kuma matarsa da 'ya'yansa mata huɗu suka shiga jirgin ruwa za su Turai, jirgin ya yi karo da wani a tsakiyar teku ya nutse, mutum fiye da 200 suka halaka, har da yaran duka huɗu, uwar kaɗai ta tsira. A bayan wannan ne ya rubuta waƙar, abin da take nufi kuwa shi ne ransa a kwance yake ga Ubangiji, ko daɗi ko wuya. Ashe dattijuwar nan ta san abin da take rerawa: maganar wanda shi ma gobara ta taɓa ce.

Muka tambaye shi, shin me ake koya muku ne a kan irin wannan rana? Ya kawo mana abubuwa uku, za mu faɗe su yadda muka fahimta.

Na farko, labarin Ayuba. A cikin Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da Hausa tun 1932, akwai littafi guda mai sura 42 a kansa. An ce yana da tumaki 7,000 da raƙuma 3,000, ban da shanu da jakuna, ga 'ya'ya goma. A rana ɗaya mahara da wuta da guguwa suka raba shi da dukiya da 'ya'ya, daga baya ciwo ya rufe jikinsa. Ya yi kuka, ya yi ta tambayar Ubangiji dalili, amma bai juya masa baya ba, a ƙarshe aka mayar masa da dukiyarsa ninki biyu. Mu ma mun san Annabi Ayuba, alaihis salam, Alƙur'ani ya ambaci haƙurinsa da addu'arsa a Suratul Anbiya'i da Suratu Sad. Amma akwai wani wuri a nasu labarin da ya kamata 'yan kasuwa su ji. Abokansa uku sun zo jaje, suka zauna tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki sai suka shiga cewa lalle akwai laifin da ya yi, shi ya sa masifa ta same shi. A ƙarshen littafin, su abokan nan ne Allah ya tsawata wa. To, mu duba kanmu. Sau nawa muka ji an ce, "Ai wane tauye mudu yake yi, shi ya sa"? Wa ya ba mu wannan ilmi?

Na biyu, maganar tsuntsaye. A Bisharar Matiyu sura ta 6, Yesu Almasihu, wato wanda mu muke kira Annabi Isa, alaihis salam, ya nuna wa almajiransa tsuntsaye, ba sa shuka, ba sa girbi, ba su da rumbu, amma ana ciyar da su. Ya kuma nuna musu damuwa ba ta ƙara wa mutum komai, wahalar yau ta ishi yau, kada a ɗora mata ta gobe. Duk wanda ya zauna a Islamiyya zai tuna hadisin tsuntsun da ke fita da safe da yunwa ya dawo da yamma a ƙoshe. A wasiƙar Bitrus ta fari, sura ta 5, an ce musu su ɗora wa Allah duk abin da ya dame su, domin yana kula da su. Ita ma Zabura, da yawa daga cikin surorinta 150 kukan masu wahala ne. Wato a wurinsu zubar da hawaye ba rashin bangaskiya ba ne, muddin ga Allah aka kai kukan.

Na uku, dogaro ba zaman kashe wando ba ne. Manzonsu Bulus ya gargaɗe su cewa wanda ya ƙi aiki kada ya sa ran ci. Wannan kuwa mun gani da idonmu. Kwana uku da gobara, matan zumunta na cocinsu suka zo da tukwanen abinci, suka raba wa kowa a layin, har 'yan dakonmu da ba su da kowa a garin nan. Ran Lahadi suka yi baiko na musamman, aka saya wa dattijuwar jarka biyu ta manja. Ran Litinin ta kafa tebur da laima a bakin toka ta ci gaba da ciniki. Mu ma ai an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Kada kuma mu manta da namu na gida. Cikin ƙungiyar nan akwai 'yan'uwanmu Kirista 'yan Arewa, daga Zariya, da kudancin Kaduna, da Bauchi, da Adamawa, da Borno. Da Hausa suke ciniki, da Hausa suke sujada, kuma a idon mutanen gari dukkanmu Hausawa ne. Da rikici ya tashi a kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021, mun ga yadda tsoro ya haɗa mu a inuwa ɗaya. Akwai wani yaronmu mai tura baro, ɗan wajen Michika. A 2014, lokacin da Boko Haram ta mamaye yankinsu, ya rasa gida da mahaifi, ya gudo nan da rigar jikinsa. Ya yi ta tari har ya kafa 'yar rumfa, ita ma ta tafi a gobarar nan. Muka ce masa, "Yaro, yaya za ka yi?" Ya ce, "Baba, Allah da ya fitar da ni daga kan dutse da raina, ba zai bar ni a kasuwa ba." Washegari ya ari baro ya koma dako.

Ba muna cewa addini ɗaya ne ba, a'a. Bambancinmu da su a kan Annabi Isa da wasu al'amura sananne ne, kowa ya riƙe nasa. Ba kuma duk Kirista ne ya yi haƙuri ba, mun ga waɗanda suka rikice, kamar yadda muka gani a cikinmu. Abin da ya dame mu shi ne samarinmu. Tun bayan gobarar nan wasu sun daina fitowa, wasu sun faɗa shaye-shaye, wani an ce ya kai sauran kuɗinsa wurin boka wai a duba masa wanda ya yi masa hannu. Dattawa biyu hawan jini ya kwantar da su saboda tunani. Mu da muke da kalmar tawakkali a baki kullum, bai kamata a riga mu aiki da ita ba.

Saboda haka kwamiti na roƙon taro ya amince da abu uku. A raba gudummawa bisa gwargwadon hasara, ba tare da duban addini ko yare ba. Kuɗin nan ba zakka ba ce, karo-karo ne, kuma su ma sun zuba nasu. Manyan dillalanmu su ba waɗanda abin ya shafa kaya bashi, a ɗaga musu ƙafa har kaka. Sannan kowane dattijo ya ɗauki saurayi ɗaya cikin waɗanda suka karaya, ya riƙa leƙa shi, ya ja shi kasuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma haƙƙin maƙwabci ba mu ne za mu koya wa malamai shi ba.

A nan za mu dakata. Allah Ya mayar wa kowa da mafificin abin da ya rasa, Ya ji ƙan magabatanmu, Ya zaunar da mu lafiya da mutanen garin nan, Ya kai mu gida lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.